Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Hanyoyin Sani

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya bar birnin Sakkwato ya nufi arewa maso gabas, ya bi fadamar gulbin Rima, zai iske garin Wurno a bisa tudu. A nan ne kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake, Allah Ya jiƙan su. Yawancin mutane sun san Bello ne da yaƙi da sarauta, watau shi ne ya ja rundunar da ta ci Alƙalawa, shi ne ya gina Sakkwato, shi ne kuma ya riƙe daular shekara ashirin bayan mahaifinsa. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne yadda ya ɗauki ilmi, da yadda ya gane cewa ƙofofin sani sun fi ɗaya. Akwai abin da ake sani ta hanyar gani da gwadawa, wanda yau ake kira kimiyya. Akwai wanda ake sani ta hanyar tunani da kafa hujja, wanda shi ne aikin falsafa da manɗiƙi. Akwai kuma wanda ba a saninsa sai ta hanyar wahayi. Ɗalibai da yawa na wannan zamani suna cuɗa waɗannan ukun, har wani ya zaci ɗakin gwaje-gwaje zai faɗa masa dalilin zuwansa duniya, wani kuwa ya zaci duk wanda ya buɗe littafin falsafa ya yi ban kwana da imaninsa.

An haifi Bello a shekarar 1195 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1781, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Ɗegel cikin gidan da karatu ne sana'arsa, ya yi karatu wurin mahaifinsa, da wurin baffansa Malam Abdullahi, da wurin wansa Muhammadu Sa'adu, da waɗansu malamai na Jama'a. Tun yana saurayi aka san shi da kaifin fahimta da ƙwarewa a Larabci.

To, a wannan gida littattafan Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, su ne ginshiƙin karatun tauhidi, kamar yadda suke a sauran makarantun ƙasar Hausa. Shi kuwa Sanusi ya raba hukunci gida uku, kuma wannan rabo shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya. Na farko hukuncin shari'a, wanda ake samu daga Alƙur'ani da Sunna, kamar wajibcin salla da haramcin giya. Na biyu hukuncin hankali, wanda hankali ke yankewa ba tare da ya jira maimaituwar abu ba, kamar cewa ɗaya rabin biyu ne, ko cewa abu ba ya zama yana motsi kuma yana tsaye cik a lokaci guda. Na uku hukuncin al'ada, watau danganta wani abu da wani domin an ga suna maimaituwa tare, kamar wuta da ƙuna, ko abinci da ƙoshi, alhali kuwa hankali bai hana wata rana a sami saɓani ba. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa abin da ake kira kimiyya a yau gidansa shi ne hukuncin al'ada, domin kuwa masaninta yana gwadawa ne ya sake gwadawa, in sabon gwaji ya saɓa wa tsohon ya gyara maganarsa. Falsafa kuwa da hukuncin hankali take aiki, ba ta da ma'auni ko kwalba, makaminta hujja ce. Yaran Ɗegel suna haddace wannan rabo tun kafin su yi gemu.

Har ila yau Bello ya ga da idonsa ɓarnar da tunani ke yi in ya ƙetare iyakarsa. A zamanin ƙuruciyarsa akwai waɗansu ɗaliban ilmin kalamu da suka riƙa kafirta talakawa, wai don ba su iya kawo hujjojin hankali a kan siffofin Allah yadda aka tsara su cikin littattafai ba. Shehu ya tashi tsaye a kansu, ya nuna cewa imanin manomi da makiyayi ingantacce ne ko da bai san manɗiƙi ba. Bello da kansa ya ba da labari cewa abin da mahaifinsa ya rubuta na raddi ga waɗannan mutane ya haura littafi hamsin. Ba a haramta manɗiƙi a gidan ba, domin tun zamanin Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma ya yi jayayya da Imam Suyuɗi a kan halascinsa, malaman wannan ƙasa suke karanta shi. An dai ajiye shi ne a matsayinsa na kayan aikin malamai.

Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804 Bello yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya halarci yaƙe-yaƙen Jihadi, Alƙalawa ta faɗi a hannunsa a 1808, ya kafa Sakkwato a 1809, sa'an nan a 1812 Shehu ya danƙa masa lura da ƙasashen gabas, ya ba Malam Abdullahi na yamma. A wannan shekara ce ya rubuta Infaƙul Maisuri, wanda ya buɗe da bayanin ƙasashen Tukururu da mutanensu da malamansu, kafin ya shiga tarihin Jihadi. A cikinsa ne kuma ya kawo wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Laminu na Barno, wanda ya ƙalubalanci Jama'a da cewa saɓo ba kafirci ba ne, saboda haka da wace hujja ake yaƙar Barno? Wannan tambaya ba wadda za a auna da mudu ba ce, ba kuma wadda takobi zai warware ba. Bello ya amsa da hujja, ya kuma rubuta maganar abokin jayayyarsa cikin littafinsa har ta iso ga na baya, lalle kuwa ba kowane mai mulki ke yin haka ba.

Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Shekarunsa na farko na tawaye ne da tashin hankali, tun daga na Abdussalami a Kware har zuwa na Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa. Duk da haka alƙalaminsa bai bushe ba, abin da ya wallafa ya fi littafi ɗari, cikinsu har da kashi mai yawa a kan ilmin ɗibbu, watau magani. Ya rubuta Mawaridun Nabawiyya a kan maganin da aka ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya rubuta Ujalatur Rakibi da Talhisul Maƙasidi. Ya keɓe littafi ga ciwon ido, ya keɓe wani ga basir, wani ga tsutsar ciki, ya kuma yi wani a kan ganyen filasko kaɗai. Sarkin da Gobirawa ke ƙofar gidansa, amma ya zauna yana rubuta wa talakawansa maganin tsutsar ciki, ai ya san inda ciwo yake damun mutane.

Sai dai kada son Bello ya sa a ɗora masa abin da bai yi ba. Ba shi da asibiti irin na yau, bai kuma san ƙwayoyin cuta ba, domin ba a tabbatar da aikinsu ba sai bayan rasuwarsa da shekaru masu yawa. Ƙwayar tarin fuka sai a 1882 aka gano ta, dangantakar sauro da zazzaɓi kuwa sai a 1897. Abin da ya yi shi ne tattaro maganin da ya zo a hadisai da wanda likitocin Larabawa suka rubuta, ya tace, ya taƙaita, ya kawo shi kusa da mutanensa. Su kuwa littattafan likitocin nan abu biyu ne a haɗe cikinsu. Akwai abin da aka gwada aka ga amfaninsa, akwai kuma bayanin da aka gada daga masu falsafar Yunan, musamman Jalinus, cewa jiki yana tafiya ne bisa ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, kuma cuta ita ce rinjayar ɗaya a kan sauran. Wannan bayani tunani ne ya gina shi, tsararre ne, mai daɗin ji, ya yi sama da shekara dubu ana karantar da shi daga Bagadaza har Ƙurɗuba. Da madubin likita ya zo sai ya rushe. Filasko kuwa, wanda aka san aikinsa ta hanyar sha a gani, har gobe ana sayar da maganin da aka yi da danginsa a kantunan magani domin mai fama da taurin bayan gida. Tunani ya shiga gonar gwaji, gwaji ya fitar da shi.

Haka kuma Bello ya raba tsakanin sanin taurari da duba da taurari. Ya rubuta littafi mai suna Tanbihu Ahlil Fuhumi yana gargaɗin masu hankali da su nisanci 'yan rufa-ido da masu duba. Sanin mafitar taurari da mafaɗarsu ilmi ne da Musulmi ke bukata domin alƙibla da lokutan salla da lissafin damina, kuma kowa na iya ɗaga kai ya tabbatar. Amma cewa tauraro kaza ya nuna wane zai yi arziki ko zai mutu, wannan ido bai gan shi ba, hankali bai hukunta shi ba, shari'a kuma ta hana. Ba shi da gida cikin hukunce-hukuncen nan uku.

Shaida a kan wannan hali nasa ta zo daga bakin baƙo. A watan Maris na 1824 wani Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, wanda ake kira Abdullahi a hanya, ya iso Sakkwato. Ya rubuta cewa da ya nuna wa Sarkin Musulmi taswirar sama sai ya tarar ya san buruji goma sha biyu duka, da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci, ya kuma nemi a nuna masa yadda ake aiki da na'urar auna tsayin rana. Bello ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Nasara na dā har Baturen ya rasa amsa. Cikin abin da ya roƙa daga Sarkin Ingila akwai a aiko masa da likita. Clapperton ya komo a 1826, amma cikin likitocin da suka taso tare da shi babu wanda ya iso Sakkwato. Ya dai kawo kyautar littattafan Larabci, cikinsu har da na Ibnu Sina da littafin Uƙlidis na ilmin handasa, watau lissafin layi da kusurwa da da'ira. Wata rana ya shiga wurin Sarkin Musulmi ya iske shi yana karatun Uƙlidis. Bello ya gaya masa cewa dā ma gidansu suna da littafin, wani ɗan'uwansu ne ya sayo shi a Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashe na gidansa a shekarar da ta gabata, saboda haka ya yi murna ƙwarai da samun wani.

Littafin nan na Uƙlidis yana tsaye ne a kan iyakar gonakin biyu. An rubuta shi a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma babu gwaji ko ɗaya a cikinsa. Yana farawa ne da 'yan ƙa'idoji da hankali ba ya musunsu, sa'an nan ya riƙa ɗora hujja a kan hujja, salonsa salon masu falsafa ne tsantsa. Amma mai awon gona da magini da mai lissafin tafiyar taurari duk da shi suke aiki. Ashe hankali na ba gwaji ma'auni, gwaji kuma na hana hankali yin mafarki. Dā can ma ba a raba su da suna ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, shi ne ya rubuta Ƙanunu a kan magani, shi ne kuma ya rubuta Shifa'u a kan falsafa. Kalmar kimiyya ita kanta a Larabcin wancan zamani tana nufin sana'ar narka ƙarafa da haɗa sinadarai ne kurum. Ko a Ingila ana kiran binciken halittu falsafar ɗabi'a ne, kalmar da suke kiran masanin kimiyya da ita yanzu ba a ƙirƙiro ta ba sai wajen 1833, shekara huɗu kafin rasuwar Bello.

Wanda ya fi kowa share wa malaman Musulunci wannan hanya shi ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, kuma malaman Sakkwato sun dogara da littattafansa ƙwarai. Gazali ya ɗauki ilmin masu falsafa ya rarraba shi. Lissafi da manɗiƙi ya ce babu abin da ya haɗa su da musun addini, har ya yi gargaɗi cewa mai ƙaryata lissafin husufin rana da na wata da sunan kare Musulunci cutar Musulunci yake yi, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Inda ya yi faɗa da su shi ne ilmin Allantaka. Ya bi su cikin mas'ala ashirin, ya kafirta su a uku, watau cewarsu duniya ba ta da farko, da cewarsu Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musunsu ga tashin jikkuna ran ƙiyama. Sarkin da ya rungumi Uƙlidis ya kori masu duba, a kan wannan turba yake.

Akwai kuma maganar kogin Kwara, wadda ita ce ta kawo Turawa. Masanan Turai sun daɗe suna gardama daga kan kujerunsu, waɗansu na cewa kogin yana haɗuwa da Nilu, waɗansu na cewa yana ƙarewa a wani tafki. Bello ya zana wa Clapperton a ƙasa cewa yana faɗawa teku ta kudu, amma taswirar da aka ba shi daga fada, wadda aka buga a Landan a 1826, ta nuna shi ya miƙe gabas zuwa Masar. Waɗansu masu tarihi suna ganin da gangan aka yi, domin Bello ya ji abin da Ingilishi suka yi wa Indiya, bai kuwa so ya nuna musu ƙofar ƙasarsa ba. Clapperton ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Baransa Lander ne da ƙanensa suka shiga kwalekwale a 1830 suka bi ruwan har teku, gardamar ta mutu a ranar. Irin wannan tambaya ba ta da magani sai a je a gani.

A ƙarshen shekarun 1820 Bello ya gina Wurno ta zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, ya mai da ita mazauninsa, ya kuma rubuta littafi a kan falalar ribaɗi da gadi. Ya kafa waɗansu ribaɗoɗin a wannan yanki, kamar Gandi da ke ƙasar Rabah a yau, da Shinaka da ke ƙasar Goronyo. Manufarsa ba tsaro kaɗai ba ce. Ya so makiyaya su zauna wuri ɗaya, su yi noma, 'ya'yansu su yi karatu. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa cikin wajiban mai mulki ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da marina da maɗinka da masassaƙa da masu magani, ya zaunar da su a kowane gari. Littafin kuwa a kan tushen mulki yake, watau mene ne adalci, wane ne ya cancanci shugabanci, me ya sa mutane ke samun shugaba daidai da halinsu. Maƙeri ya san yadda ake yin takobi, amma wutar maƙera ba ta faɗa masa wuyan da ya halatta a sara ba.

A inuwar wannan mulki ne aka sami mutumin da ya fi kowa zurfi a falsafa cikin zuriyar Shehu, watau Abdulƙadir ɗan Tafa, ɗan Nana Hadiza 'yar Shehu, wanda aka haifa a shekarar hijira, 1804, ya zauna a Salame, ya rasu a 1864. Tun Bello na da rai, wajen 1828, ya rubuta Futuhatur Rabbaniyya, inda ya bi maganganun masu cewa babu kome sai abin da ake taɓawa, da masu jingina kome ga ɗabi'a, ya auna su a kan mas'alar ruhi da ƙarewar duniya. Waɗannan su ne tambayoyin da littafin basir da na ciwon ido ba su taɓa ba, ba kuma za su iya ba. Kawu yana rubuta yadda za a warkar da jiki, ɗan 'yar'uwarsa yana binciken ko mutum jiki ne kawai. Da Bature Barth ya zo a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello yana zaune a Wurno, ya sadu da ɗan Tafa, ya kuma shaida cewa shi ne mafi ilmi cikin mutanen Sakkwato na lokacin.

A 1836 Bello ya fita yaƙinsa babba na ƙarshe, ya karya taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke. Bayan komowarsa ciwo ya kama shi, ya yi jinya ta watanni, mai littattafan magani bai sami wanda zai tashe shi ba. Ya rasu a Wurno a watan Rajab na 1253, watau Oktoba 1837, aka rufe shi a can cikin ribaɗinsa. Wazirinsa Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta tarihinsa, ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Daga zuriyarsa ta Rabah ne aka sami Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda jami'ar da aka buɗe a Zariya a 1962 take ɗauke da sunansa. Littattafansa na magani kuwa suna nan da rubutun hannu a ɗakunan ajiya na Sakkwato da Kaduna da Ibadan, da hannun malamai a zaurukansu.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Bello, Ya haskaka kabarinsa, amin.